Ɗana, Kafin Ka Nemi Aikin Jami'a a Fagen Littattafai da Kwamfuta

 Na ji an ce ka gama bautar ƙasa, kuma hankalinka ya karkata ga wannan fage da ake ta zancensa a jami'o'i, inda ake haɗa nazarin tarihi da harshe da adabi da aikin kwamfuta, tare da ɗan'uwansa ilimin laburare da sarrafa bayanai. Na yi murna, domin fage ne mai albarka, kuma akwai aiki a cikinsa. Sai dai ka ba ni aron kunnuwanka, saboda yaran yanzu da sun ji an ambaci kwamfuta sai su ɗauka abin na gaggawa ne, alhali babu fagen da ya fi wannan cin haƙuri.

Wanda ake jingina wa farkon wannan sana'a wani limamin Kirista ne ɗan Italiya, Roberto Busa. A 1949 ya nemi taimakon kamfanin IBM domin ya jera kowace kalma da ke cikin rubuce-rubucen malamin addinin Kirista Thomas Aquinas, ta yadda mai nema zai same ta a duk inda ta faɗo. Aikin ya ci kusan shekara 30, sai a 1980 aka kammala buga shi cikin juzu'i 56. Na'ura ce ta yi ƙidaya da jeri, amma mutane ne suka zauna suka tantance kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kuma har gobe haka aikin yake.

Ka dubi abin da ya faru a Tumbuktu. A 2012, da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin, Abdel Kader Haidara da gidajen malamai suka yi ta fitar da littattafan kakanninsu a ɓoye, a mota da kwale-kwale, har aka kai fiye da 300,000 Bamako. A watan Janairun 2013 aka ƙone kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba da ke Tumbuktu. Bayan haka ne wani laburare da ke jihar Minnesota a Amurka, da ake kira HMML, ya haɗa hannu da ƙungiyar masu littattafan, wato SAVAMA, aka shiga ɗaukar hoton littattafan shafi-shafi. Ɗaukar hoto kuwa shi ne mai sauƙin, domin yaro mai natsuwa zai koya cikin ɗan lokaci. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne a sami wanda zai dubi hoton ya ce wannan littafin fiƙihu ne, wane ya wallafa, wane ya kwafa, a shekara kaza, kuma shafukan nan biyu ba nasa ba ne, daga wani littafi suka shigo. Idan ba a rubuta wannan bayani ba, hoton yana nan a kwamfuta amma babu mai iya gano shi.

To, a nan ne nake so ka buɗe ido, ɗana, domin abin da ake nema yana hannunka ba ka sani ba. Ka yi makarantar allo, idonka ya saba da rubutun Warash, kana karanta ajami ba tare da in'ina ba. Masu iya kwamfuta sun cika duniya, masu karanta tsohon rubutun hannu na ƙasashenmu ma akwai su a zauruka, amma wanda ya haɗa biyun, ya kuma iya rubuta rahoto da Turanci ko Faransanci, shi ne ake nema ido rufe. Ka koma wajen malamanka su koya maka ramzi, wato yadda ake ɓoye shekara a cikin haruffa, domin da shi marubutanmu da yawa suka sa kwanan wata a ƙarshen waƙoƙinsu. Ka koyi ɗaga takarda ga haske ka ga tambarin da ke cikinta, kamar na jinjirin wata uku da ke jikin takardun Italiya waɗanda fatake suka riƙa kawowa ta Sahara, saboda yakan taimaka wajen kintatar shekarun littafi. Na ga yara da dama suna jin kunyar sa karatun allo a takardar neman aiki, kuma wallahi abin yana ba ni takaici.

Wuraren aikin ba ɓoyayyu ba ne. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kadunan, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen littattafan Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. A Zariya da Jami'ar Bayero ana koyar da ilimin laburare har zuwa digiri na uku. A waje kuma, Jami'ar Boston tana da ma'ajiyar ajamin Afirka a intanet wadda Farfesa Fallou Ngom ya jagoranta, Jami'ar Hamburg a Jamus tana da cibiyar nazarin rubuce-rubucen hannu, sannan littattafan Umaru Falke na Kano, sama da 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Su ma masu koya wa kwamfuta Hausa, irin su tawagar Masakhane, suna bukatar wanda ya san harshen ciki da bai.

Amma kada in yaudare ka. Yawancin guraben da za ka ga ana tallatawa a Turai da Amurka na kwantaragi ne, shekara biyu ko uku, domin kuɗin tallafi ne ke riƙe da su, kuma ranar da tallafin ya ƙare, aikin ya ƙare. Mutum zai kwashe iyalinsa daga wannan gari zuwa wancan, yana rabin aiki yana neman na gaba. Kujerar dindindin kaɗan ce, kuma sai da digiri na uku da rubuce-rubucen da aka buga. A gida albashi bai taka kara ya karya ba, ga yajin aiki, ga wutar lantarki da ka san halinta, kuma ma'aikacin laburaren jami'a shi ma sai ya yi bincike ya buga kafin a ƙara masa girma, daidai da malamin aji. Saboda haka kada ka raina ƙaramin gurbi a laburare kana jiran babba, domin daga nan ake sanin mutum, daga nan kuma ake samun tallafin TETFund na ƙaro karatu. Kada kuma ka zauna jiran talla. Ka nemi gafaka ɗaya a gidan wani malami a unguwarku, da izininsa, ka tsara bayanin littattafan da ke ciki tsaf. Ranar ganawa, wannan ɗan aikin zai yi maka magana fiye da tarin takardun shaida.

Sai batun da ya fi damuna, wato amana. Littafin da za a miƙo maka gadon wani gida ne, kakan mai shi ne ya kwafe shi da alƙalamin kara a hasken fitila, kuma da yawa daga masu shi sun taɓa ba wa wani mai bincike aro bai dawo da shi ba. Shi ya sa za ka je sau uku, sau huɗu, ana ce maka malam ba ya nan. Kada ka yi fushi, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka yi gaisuwa, ka faɗa masa gaskiyar inda hoton zai je da wanda zai gan shi. Idan ya ce wannan na asiri ne, ba na idon kowa ba, ka mayar masa da abinsa ko da shi ne zai ɗaga sunanka. Shirin ceto ma'ajiyoyi na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya sa sharaɗin cewa asalin takardu ba za su bar ƙasarsu ba, kuma a ajiye kwafin hoton a can. In baƙo ya kiyaye wannan, kai ɗan gida ka fi cancanta. Ka sa sunan mai littafi da na malamin da ya warware maka wuri mai wuya a cikin abin da ka buga, domin fagen nan ƙarami ne, kowa ya san kowa, kuma wanda ya ci amanar gida ɗaya a Kano, kafin ya isa Katsina labarinsa ya riga shi.

Kada ka ja lokaci, ɗana. Gara da ɗanshin damina suna cin littattafan nan kowace shekara, malaman da suka iya karanta su kuma tsufa ya kama su. Ka fara zuwa gaishe su tun wannan makon, ka tafi da littafin rubutu da biro. Allah ya ba ka sa'a, ya yi maka jagora.