Darasin Juma'a: Wanda Ya Ci Babban Kuɗi A Cacar Waya, Ina Mafita?

 

Darasinmu na wannan mako a kan cacar waya ne, wadda yaranmu ke kira betin. Mun sha jin nasiha ga wanda caca ta cinye wa jari, shi kam halin da ya shiga ma ya ishe shi wa'azi. Yau wanda ya ci za mu duba. A ce yaron shago ne a Agege, ko ɗan dako a Mile 12, ya sa naira 500 a kan wasannin ƙarshen mako, ya wayi gari alat na naira miliyan 2 ya shigo wayarsa. Abokai na yi masa barka, ana cewa Allah ya kashe ya ba shi. To a cikin duk masu wannan harka babu wanda ya kai shi shiga haɗari, kuma shi ne muka fi mantawa da shi, saboda muna ganin ai ya haye.

Abin da babban ci ke yi wa mutum

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka mai suna Robert Custer, wanda ya daɗe yana jinyar masu jarabar caca, ya kasa tafiyarsu zango uku: zangon ci, zangon hasara, sai zangon da mutum ke fita hayyacinsa. Ya lura cewa da yawansu babban ci ne ya ɗaure su tun a zangon farko. Mu da ke zaune cikin kasuwa muna iya ganin yadda hakan ke faruwa.

Da farko ma'aunin kuɗi ke lalacewa a zuciyarsa. Wanda ya saba wuni a rana don ribar naira 4,000, ya ga miliyan 2 a dare ɗaya, sai ya raina sana'arsa. Naira 500 da yake sawa da ba ta motsa shi yanzu, sai ya koma sa 20,000, daga nan 100,000.

Sannan ya fara ganin iyawarsa ce. Ya manta da tikiti ɗari da suka faɗi, ya riƙe guda ɗaya da ya shiga, yana cewa ai shi ya san ƙwallo.

Mafi muni kuma shi ne maganar nan ta “ai kuɗinsu nake juyawa, ba nawa ba.” Da ita yake mayar da kuɗin kaɗan-kaɗan. Ranar da miliyan 2 ta koma miliyan 1 da dubu 400, ba ya ganin abin da ya rage, dubu 600 da suka tafi kawai yake gani, kuma ya rantse sai ya dawo da su. Wannan bin sawun hasarar ne ke kai hannu ga cinikin maigida, da zubin adashe, da kuɗin da za a aika gida, har a ƙare a manhajojin bashi, waɗanda wasunsu ke aika saƙon tozarci ga lambobin da ke cikin wayar mutum idan ya kasa biya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita caca a kan aikinsa da iyalinsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da take yi masa. Wanda ya ga waɗannan a tare da shi, ya sani abin ya wuce wasa, ko da asusunsa cike yake.

Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa

Mu mutanen kasuwa ne, don haka a ajiye batun sa'a, a ɗauko biro. A ce wasa ne da ɓangarorinsa biyu suka yi kunnen doki, kamfani ya sa wa kowane ɓangare ninkin 1.90, abin da yara ke kira ods. Mutum ɗaya ya sa naira 10,000 a nan, wani ya sa 10,000 a can. Kamfani ya karɓi 20,000. Ko wane ne ya ci, 19,000 za a biya shi. Naira 1,000 ta zauna a aljihun kamfani tun kafin a busa usur, wato kashi 5 cikin 100.

Yanzu a haɗa irin wannan wasa guda 10 a tikiti ɗaya, kamar yadda yaranmu ke yi don neman babban ci. Kowane wasa yana yankar nasa kason, yanka a kan yanka. Idan aka lissafa, a kowace naira 100 da jama'a suka zuba a irin wannan tikiti, kusan naira 60 ce ke komawa hannunsu, sauran 40 na kamfani ne. Wane ɗan kasuwa ne zai saro buhun albasa a kan 100 yana sane da cewa 60 zai sayar, kuma ya koma gobe ya sake sarowa?

Daga nan za mu gane inda miliyan 2 ɗin ta fito. Daga aljihun dubban mutane irinsa aka tattaro ta: mai tura baro, ɗan makaranta, magidancin da ya bar gida babu cefane. Kamfani bai yi asara ba da ya biya shi. Hotonsa da labarinsa sun zama talla, kuma matuƙar yana ci gaba da buga wasa, lissafin nan na sama zai mayar musu da kuɗin. Wasannin kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintuna, da wasan jirgin nan da ke tashi ya faɗi, sun fi saurin kwashewa, domin abin da ƙwallo za ta ci a mako su a sa'a guda suke cinye shi.

Matsayin kuɗin a shari'a

Haramcin caca ba abin jayayya ba ne. A Suratul Baƙara aya ta 219 an haɗa ta da giya, aka bayyana cewa zunubinsu ya rinjayi amfaninsu. A Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 aka yi umarni da a nisance su, aka kuma faɗi abin da Shaiɗan ke nema da su: ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninmu, ya kange mu daga ambaton Allah da salla. Ya kuma inganta daga Annabi (SAW) cewa wanda ma ya gayyaci abokinsa zuwa caca, to ya yi sadaka. Idan gayyata kawai na buƙatar haka, ina ga aikatawa? A lura, hukuncin bai bambanta wanda ya ci da wanda aka cinye ba, kuma bai canza ba don an koma yi a waya, ko don kamfanin yana da lasisin gwamnati.

To yaya za a yi da kuɗin da ke hannu? Abin da malamai da yawa suka tafi a kai shi ne mutum ya cire uwar kuɗinsa da ya sa, sauran kuma ya rabu da su. Tunda a cacar waya ba a san waɗanda aka cinye ba balle a mayar musu, sai a zuba su cikin maslahar jama'a da mabuƙata, kamar biyan kuɗin asibitin marasa galihu, ko gyaran rijiya da magudanar ruwa. Niyyar ita ce sauke nauyi, ba neman ladan sadaka ba, domin Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Fitar da zakka daga cikinsu ba ya halatta sauran, haka ma raba wani abu a ƙofar masallaci. Wasu malamai sun yi sauƙi ga wanda ya tuba alhali shi kansa fakiri ne, cewa zai iya ɗaukar gwargwadon buƙatarsa. Wannan, da batun wanda ya riga ya kashe kuɗin ko ya zuba su a jari, ba hukuncin da mutum zai yanka wa kansa ba ne. Ya samu malami a keɓe ya faɗa masa gaskiyar lamarin.

Mun san maganar nan tana da nauyi. A wannan tsadar rayuwa, a ce wa matashi ya saki miliyan 2 ba ƙaramin abu ba ne. Amma mu tuna da lissafin da muka yi. Wanda ya ci gaba da buga wasa, kuɗin nan barin hannunsa za su yi. Zaɓin da ya rage masa shi ne su fita ta ƙofar tuba yana da mutuncinsa, ko su koma inda suka fito su ja jarinsa su tafi da shi.

Matakan fita

Na ɗaya, a kwashe kuɗin gaba ɗaya daga asusun cacar yau ɗin nan, kada a bar ko naira 100 “don gwaji.” A damƙa su amana ga mutum mai gaskiya, a rubuce, gaban shaidu biyu, kafin a ga malami.

Na biyu, a faɗa wa mutum ɗaya. Wa ne, ko maigida, ko liman, ko matar aure. Jarabar nan a ɓoye take girma, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na uku, a toshe hanya. Goge manhaja kaɗai ba ya isa, don minti biyu ya isa a sake sauke ta. A nemi kamfanin ya rufe asusun, yawancinsu suna da wannan tsari. A fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram na masu raba “wasan tabbas.” Akwai manhajar BetBlocker, kyauta ce, tana toshe shafukan caca a waya. Wanda abin ya yi wa yawa ya koma ƙaramar waya mai tocila na wasu watanni, ya kuma sauya hanya idan akwai shagon caca a kan hanyarsa.

Na huɗu, a raba hannu da kuɗi na ɗan lokaci. Katin banki ya zauna wurin amintacce. Cinikin yini a miƙa shi kafin Magariba. Kuɗin gida a aika da zarar sun shigo, kada su kwana a waya.

Na biyar, a san lokutan haɗari. Yammacin Asabar da Lahadi ne lokacin Firimiya, daren Talata da Laraba kuma gasar Zakarun Turai, sai tsakar dare idan mutum ya kaɗaita da waya. A cike waɗannan lokuta tun kafin su zo: karatu tsakanin Magariba da Isha, ziyarar 'yan uwa, buga ƙwallo a fili maimakon zaman gidan kallo. Sha'awar caca tana tasowa ne ta lafa. Idan ta taso, a ajiye waya, a yi alwala, a fita cikin mutane, a kira wanda aka faɗa wa sirrin.

Na shida, a rubuta duk bashin da ake bin mutum, a je wa masu shi a tsara biya kaɗan-kaɗan daga halal. Mayar da haƙƙin mutane yana cikin sharuɗɗan tuba, tare da dainawa da nadama da ƙudurin rashin komawa.

Idan aka zame aka sake bugawa, kada a ce shi ke nan an lalace. A sanar da amintaccen nan a ranar, a sabunta tuba, a duba ta wace kafa abin ya shigo a toshe ta. Idan kuma barci ya ƙaurace, ko damuwa ta yi tsanani, a je asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba da na Aro a Abeokuta suna da likitocin da ke duba matsalolin jaraba, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Wanda aka ji yana cewa ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Namu nauyin

A gida Arewa, idon uwa da kawu da maƙwabci yana kan yaro. A nan Kurmi da yawan yaranmu su shida ne a ɗaki ɗaya, babu babba a kansu, ga shagon caca a kowane lungu, ga matsin a aika kuɗi gida. Mu ne iyayensu a nan.

Alhazai iyayen gida, ku riƙa yin lissafi da yaranku kowane mako, kada a bari sai ƙarshen wata. Idan yaro ya zo da kansa ya faɗi gaskiya, a rufa masa asiri, a tsara masa biya. Korarsa cikin tozarci tura shi ne ga abin da ya gudo daga gare shi. Iyaye mata da matan aure, idan kuɗi suka shigo da ba su yi kama da sana'ar mutum ba, a tambaya cikin hikima kafin a karɓa. Mai son taimaka wa wanda bashi ya kama, ya biya mai bashin kai tsaye, kada ya ba shi tsaba a hannu. Mu kuma sauran jama'a mu daina yi wa wanda ya ci barka, mu daina neman ya “fitar da namu.” Duk wanda ya karɓi rabonsa ya ƙara masa ƙarfin gwiwar komawa.

Wanda ya ga kansa a cikin wannan darasi, ya tsaya bayan salla ya ga liman ko ɗaya daga cikin dattawan masallaci, ya ce yana da magana ta sirri. Kada ya jira sai kuɗin sun ƙare.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa, Ya tsare mu daga haram, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya karɓi tuban masu tuba. Amin. Juma'a mai albarka.