In kurwar mota tana zamewa

Mai karatu, ka san zugazugin maƙeri. In aka zuga wuta, sai ta ƙara ci. Injin mota ma haka yake. Wuta ce ke ci cikinsa, wuta kuwa tana son iska. Shi ya sa ake sa ma wasu motocin kaya na'ura mai tura iska cikin inji. Iri biyu ce. Akwai turbo, wadda hayaƙin inji ke juyawa. Ita ce ga yawancin manyan motoci masu shan gazwal. Akwai kuma kwamparesa, wadda igiyar roba ke juyawa. Kar ka haɗa ta da kwamparesar birki, aikinsu daban ne. Ana samun ta ga wasu motocin Amurka masu buɗaɗɗen baya, kamar Ford Lightning da aka ƙera daga 1999 zuwa 2004.

Igiyar nan ita ce makanikai ke ce ma kurwa, wasu su ce bel. Ka taɓa ganin irinta ga injin niƙa. Tana zagaye ƙafafun ƙarhe da ake kira puli. Kwamparesa tana da nauyin juyawa ƙwarai. In kurwa ba ta kama puli da kyau ba, sai ta riƙa zamewa.

Ƙaƙa za ka gane? Da ka taka mota, sai ka ji ƙara kamar kukan ɓera. Ga hawa da kaya, inji na ruri amma ƙarhi ya ragu. Ka ji warin roba. In ka buɗe gaban mota, ka ga baƙin gari kusa da puli. Garin nan naman kurwa ne ke cinyewa. Ranar da ta tsinke, in ita ce ke juya famfon ruwa, inji zai yi zahi, kai kuwa kana cikin daji.

Kahin ka taɓa komi, kashe inji, ka zare makulli, ka bari ya huce. Tuɓe babbar riga, ka kwance rawani. Kurwa mai gudu ba ta san yatsa ba, ba ta san tufa ba.

To, danna ta da babban yatsa a tsakiya, inda ta hi tsawo tsakanin puli biyu. In irin wadda ake ɗaurewa da hannu ce, ta lotsa kamar santimita 1. In ta wuce haka, ta saki, sai a ƙara ɗaure ta. Amma kar ka ja ta kamar tsarkiyar baka. Ɗauri mai yawa yana kashe rulma, gyaran rulma kuwa ya hi kurwa tsada. Wasu motoci suna da ƙaramin puli mai sifirin, shi ke jan kurwa da kansa. In sifirin ya gaji, ko sabuwar kurwa ka sa, za ta zame. Sai a canza shi.

Duba jikinta kuma. In tana ƙyalli kamar an goge ta, ko ta tsattsage, ta ƙare. Kurwar zamani ba ta cika tsagewa ba, sai dai ta side a hankali. In ka ga mai a kanta, nemi inda yake ɗiga, ka toshe, sannan ka canza ta. Wasu suna shafa sabulu ko man birki don kukan ya tsaya. Kar ka yi. Kukan zai yi shiru na ɗan lokaci, zamewa kuwa ta ƙaru.

Wani abin da ake mancewa shi ne layin puli. Aza miƙaƙƙen ƙarhe bisa huskar puli biyu. In ɗaya ya karkace, kurwa za ta ci gehe guda. Goge yashi da ya cushe cikin kwarmin puli. Akwai kuma masu sa ma kwamparesa ƙaramin puli don ta ƙara gudu. Ƙaramin puli wurin kamunsa kaɗan ne, shi ya sa kurwa ta hi zamewa a kansa.

A nan karatunka zai yi maka rana. Bisa bayan kurwa akwai rubutu, misali 6PK1750. Lamba 6 na nuhin layi 6 gare ta, 1750 kuwa tsawonta ne da milimita. Rubuta shi ga takarda kahin ka tahi kanti, don kar a ba ka wadda ba ita ba. Zana hanyar da ta bi tsakanin puli kahin ka cire ta. In ka sa sabuwa mai ɗaurin hannu, sake danna ta bayan ƴan kwanaki, don sabuwa takan ɗan saki.

Tambayoyi

1. Mine ne bambancin turbo da kwamparesa?
2. Don mi ba a shafa ma kurwa sabulu?
3. Kurwa mai rubutu 8PK1500, layi nawa gare ta? Tsawonta nawa ne?