Ƙwarin Taba: Yaushe Feshi Ke Biyan Kuɗinsa?

ABUJA — Taba ba ta cikin amfanin gonar da nauyi kaɗai ke yanke wa farashi. Kyan ganye shi ne kuɗi. Tun da Kamfanin Taba na Nijeriya, wato NTC, ya buɗe masana'antarsa ta Zariya a 1959, manoman Arewa suka san cewa daraja-daraja ake kasa ganye a wurin saye, kuma wanda tsutsa ta huda ko ya yi baƙi yakan faɗa ta ƙasa. Kamfanin ya haɗe da BAT a 2000, amma ƙa'idar ba ta sake ba. Haka kuma take ga mai 'yan kunyoyi a bayan gida ko a fadama, wanda ke kai wa masu daka garin taba.

Sinadarin nikotin da ke cikin ganyen guba ne ga ƙwari, har ma manoman Turai sun yi maganin ƙwari da ruwan taba tun ƙarni na 17. Sai dai ƙwarin da suka mai da taba abincinsu sun saba da wannan guba. Saboda haka mai jiƙa busasshiyar taba ya fesa wa ɗanya bai yi komai ba, illa ma ya iya kai mata cutar dabbare-dabbaren ganye, wadda ke daɗewa a busasshen ganye, kuma hannun mutum ne ya fi yaɗa ta.

A wurin reno, gyare da tsutsar ƙasa ne ke yanke ƙananan tsirrai da dare. Bayan dashe sai darɓa, wadda ke tsotsar ruwan ganye ta bar danƙo, danƙon ya yi baƙar funfuna, ganyen ya ƙi bushewa da kyau. Farin ƙuda ya fi ta sharri, domin shi ke ɗauko cutar nannaɗewar ganye, kuma tsiron da ya kamu ba shi da magani sai tugewa. Akwai kuma tsutsar toho, ita ce dai mai ɓarnar auduga da tumatir. Takan ɓoye a cikin toho ta yi ƙaramar huda, ganye na girma hudar na faɗaɗa.

Tambayar da ta shafi ɗan kasuwa ita ce yaushe ya kamata a kashe kuɗi. Masana a Kalifoniya ta Amurka sun tsara amsar a 1959: ba a feshi sai ɓarnar da ake tsoro ta kusa zarce kuɗin magani da na ƙwadago. A jihar Karolina ta Arewa, wadda ta fi kowace jihar Amurka noman taba, malaman gona sun mai da wannan ƙidaya. Ana fesa wa tsutsar toho idan ta kama tsiro 10 cikin 100, darɓa kuwa sai an sami tsiro 10 cikin 100 masu ɗauke da ƙwaro 50 ko fiye a ganyen sama. Ba lalle adadin ya dace da Gwagwalada ko Kwali daidai ba, tunda farashi da yanayi sun bambanta, amma ɗabi'ar zagaya gona kowane mako ana ƙirgawa ta dace da ko'ina. Feshin da aka yi don an ga maƙwabci ya yi, a ganina, asara ce sau biyu: kuɗi sun tafi, an kuma kashe ƙwarin da ke cinye darɓa kyauta.

Mai ƙaramar gona yana da hanyoyi masu arha. Tsutsar toho ana tsince ta da hannu da safe, amma a rufe jiki idan ganye na da raɓa, domin nikotin na ratsa fata ya jawo jiri da amai. Karye kan tsiro lokacin fure da cire 'ya'yan rassa na rage wa darɓa da tsutsa wurin zama, ya kuma ƙara wa ganye kauri. Kada a dasa taba inda aka cire tumatir, tattasai ko gauta. Dangi ɗaya ne, abokan gabansu ɗaya. Ƙwallon darbejiya kuwa, a daka giram 50 na cikinsa a jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye.

Idan ta kai ga maganin kanti, a nemi mai lambar rajistar NAFDAC, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da yankan ganye. Hukumar ta haramta lindan, wanda manoma suka sani da Gamalin, tare da endosulfan a 2008. Ba a wanke taba kafin a sha ko a shaƙa, don haka abin da aka fesa yakan bi ganye har wurin mai saye. 'Yan kasuwar hatsi ba su manta da 2015 ba, lokacin da Tarayyar Turai ta rufe wa waken Nijeriya ƙofa saboda ragowar dikulobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya.

A rumbu ma akwai wani ɗan jan ƙwaro da ke huda busasshen ganye ya mai da shi gari. A share ɗakin ajiya sarai kafin sabuwar taba ta shigo, kuma kada a haɗa ta da ragowar ta bara.