Abin da ke sa ƙarfen fitar da haidirojin saurin gajiya

Haidirojin iska ce mai amfani wajen samar da lantarki, amma ajiye ta a tukunya na da wuya da haɗari. Shi ya sa masana suka karkata ga wani farin gari mai suna sodiyom borohaidiraid, wanda ake rubutawa NaBH4. Idan ya haɗu da ruwa yakan saki haidirojin, kuma giram 1 kacal na ba da kusan lita 2.4. Ana tura iskar cikin fuwel sel, wato na'urar da ke mayar da haidirojin wutar lantarki, domin tafiyar da abubuwa irin su jirgi marar matuƙi.

Aikin katalis

Ana narkar da garin a ruwan da aka zuba wa irin sodar da ake haɗa sabulu da ita, don kada iskar ta riƙa fita da kanta. Idan ana buƙatar ta, sai a kwarara ruwan a kan katalis, wato ƙarfen da ke hanzarta aikin ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Da an tsayar da ruwan, iskar ta tsaya, kamar an rufe famfo.

Tun a 1953 Hermann Schlesinger da Herbert Brown da abokan aikinsu a Jami'ar Shikago ta Amurka suka nuna cewa gishirin kobalt na yin wannan aiki. Rutiniyom da filatinom ma suna yi sosai, sai dai tsada. Kobalt da nikel sun fi araha, amma kobalt kan yi rawar gani a zagayen farko, sannan ƙarfinsa ya riƙa raguwa.

Me ke jawo gajiyar?

Babban dalili shi ne ragowar da ake bari bayan iskar ta fita, wato sodiyom metaboret. A zafin digiri 25, giram 100 na ruwa na narkar da kusan giram 55 na garin asali, amma kusan giram 28 kawai na ragowar. Ga shi kuma aikin yana cinye ruwan. Don haka ragowar kan daskare a jikin ƙarfen, ta toshe wuraren da aikin ke gudana, kamar yadda farin ɓawo ke lulluɓe cikin butar lantarki.

Na biyu, kumfar iskar da ke tasowa da ƙarfi kan ɓamɓare ƙananan ƙwayoyin ƙarfen daga abin da aka manna su. Na uku, ƙwayoyin kan dunƙule wuri ɗaya, sai faɗin da ke taɓa ruwan ya ragu. Na huɗu, fuskar kobalt kan yi tsatsa, musamman idan ta sha iska tsakanin aiki da aiki.

Yadda ake tsawaita rayuwarsa

Wanke katalis da ruwa ko ruwan asid marar ƙarfi na cire ɓawon, ya dawo da wani ɓangare na ƙarfinsa. Ana kuma manna kobalt a jikin soson nikel mai ramuka, ko a gauraya shi da boron da fosfaras. Ƙara ruwa na rage daskarewar, amma yana ƙara nauyi.

Wannan nauyi na cikin abin da ya hana fasahar shiga motoci. A 2001 kamfanin DaimlerChrysler ya nuna motar gwaji mai suna Natrium, amma a 2007 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta janye goyon bayanta ga amfani da garin a cikin mota, saboda ƙarancin iskar da tsarin ke ɗauka da tsadar sake sarrafa ragowar.

Saboda haka, wanda aka tallata wa irin wannan na'ura kada ya tsaya ga saurin fitar iska a ranar farko. Ya tambayi yawan zagayen da katalis ɗin ke jurewa, da ko ana iya wanke shi, da kuɗin sauya shi.