Zanen yaran Tukra

Njamena, babban birnin Cadi, yana bakin ruwa. A nan gulbin Logon yake haɗuwa da gulbin Shari, su zarce tare zuwa Tafkin Cadi. A watan Oktoba na 2022 gulaben nan suka cika suka tumbatsa. Ruwa ya shiga unguwar Waliya, ya rushe gidajen ƙasa. Iyalai da yawa suka koma Tukra, kudu da birnin, suka zauna cikin bukkokin tamfol.

Manya suna ta neman abinci da ruwan sha. Yara fa? Wani ya daina magana. Wata tana firgita cikin barci. Wani kuwa, abu kaɗan sai faɗa. Ba rashin kunya ba ne. Tsoro ne ya cika masa ciki, shi kuma bai san sunan abin da ke damunsa ba.

Masu aikin agaji sukan keɓe wa yaran da suka rasa gida wurin wasa. A wurin ba a ce wa yaro: "Yi shiru, namiji ba ya kuka." Takarda ake ba shi da alkalami mai launi. Sai ya zana ruwa ya kai taga, ko akuyarsu da ta ɓace. Malama ba ta gyara zanen, ba ta kuma ba da maki. Takan zauna kusa da shi ta ce: "Ɗana, ba ni labarin hoton nan." In ya yi shiru, sai ta jira. In ya fara magana, sai ta tambaye shi: "A daren nan tsoro ka ji, ko baƙin ciki?" Sau da yawa hannu yakan riga baki faɗin abin da ke zuciya. Ranar da yaro ya ce "na ji tsoro", manya sun san inda za su taimake shi.

Wanda ba ya son zane yakan gina gidansu da yumɓu. Wasu kuma su yi wasan kwaikwayo, tabarma ta zama kwalekwale.

Kalmomi
tsoro: la peur; fushi: la colère; baƙin ciki: la tristesse; murna: la joie

Tambayoyi
1. Waɗanne gulabe ne suke haɗuwa a Njamena?
2. Don me malama ba ta gyara zanen yaron?

Aiki
Zana wata rana da ka ji tsoro. Rubuta sunan abin da ka ji a ƙarƙashin hoton. In kana so, nuna wa abokinka.