Zinaren da Ya Saura a Tarkacen Haƙa: Shawara ga Mahaƙan Yauri

Masana ma'adinai sun daɗe da sanin cewa ragowar makamashin da aka gama amfani da shi a tashoshin nukiliya tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su rodiyam da faladiyam, waɗanda ake sanyawa a na'urar tace hayaƙin mota, amma ko Faransa, wadda ke sarrafa irin wannan ragowa a La Hague, ba ta tsamo su don sayarwa, saboda tururin gubar da ke tare da su yakan sa kuɗin tsarkakewa ya cinye ribar.

Irin wannan lissafi ne ya kamata mahaƙan zinare na Yauri da Ngaski su yi game da tarkacen ƙasar da suke tarawa bayan wanki. Zaiba, wato farin ƙarfen nan mai gudana da ake cuɗa niƙaƙƙen dutse da shi, ba ta kama zinaren duka, kuma wani kaso nata yana zama cikin tarkacen. Idan ruwan damina ya kwashe shi zuwa kogin Kwara da tafkin Kainji, ƙwayoyin halitta na cikin laka sukan mayar da zaibar guba mafi muni da ke taruwa a jikin manyan kifaye kamar giwan ruwa, daga nan ta shiga tukunyar Sarkawa da masu sayen kifinsu. Wannan gubar ce ta haifar da cutar da aka gano a Minamata ta Japan a 1956.

Babban kuskure wajen neman zinaren da ya saura shi ne zuba sinadarin sayanaid a kan tarkacen da zaiba ta riga ta taɓa, domin yana narkar da ita ta yadda ruwa zai ɗauke ta cikin sauƙi. Abin da ya dace shi ne ƙungiyoyin mahaƙa su kai samfurin tarkacen a auna, kuma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ƙaramin injinta na nukiliya ke aiki tun 2004, tana yin irin wannan awo. Sakamakon zai nuna yawan zinaren da ya rage, sannan a nemi awon dalma, gubar da ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Kafin nan, a tara tarkacen a rami mai shimfiɗar leda mai kauri nesa da gaɓar ruwa, a jiƙa dutse yayin niƙa don kashe ƙura, a ƙona curin zaiba da zinare cikin rufaffiyar tukunya mai bututu a wajen gari.