Kimiyyar Kwaɗo da Makulli: Yadda Ake Tsare Gida Daga Ɓarayi

Gabatarwa

Da wuya a sami gidan da babu kwaɗo a ƙofarsa, amma kaɗan ne daga cikin masu amfani da shi suka san abin da ke cikinsa. Rashin sanin nan shi ke sa magidanci ya sayi ƙaton kwaɗo mai tsada, sa'an nan ya rataya shi a jikin ruɓaɓɓen ƙyaure. Wannan darasi zai bayyana yadda kwaɗo ke aiki, da inda rauninsa yake, da kuma abin da ya kamata a haɗa masa da shi.

Yadda Kwaɗo Ke Aiki

Yawancin kwaɗunan da ake sayarwa a kasuwa an ƙera su ne bisa tsarin da wani Ba'amurke, Linus Yale ƙarami, ya yi wa rajista a shekarar 1861, ya kuma inganta shi a 1865. A cikin kwaɗon akwai wani mulmulallen ƙarfe da ake kira silinda, wanda ɗan makulli ke shiga cikinsa. A jikin silindar akwai ramuka a jere. Kowane rami yana ɗauke da 'yan sandunan ƙarfe guda biyu, ɗaya bisa ɗaya, da kuma sifirin da ke danna su ƙasa.

Idan babu ɗan makulli, sandunan sama sukan gitta tsakanin silinda da gangar jikin kwaɗon, su hana ta juyawa. Idan aka sa ɗan makullin da ya dace, haƙoransa sukan ɗaga kowace sanda daidai gwargwado, har mahaɗar sandunan ta zo daidai da gefen silinda. A nan ne silinda ke juyawa, kwaɗo ya buɗe. Ko da haƙori ɗaya ne ya saɓa, ba za ta motsa ba.

A nan lissafi yana da ta cewa. Alal misali, idan kwaɗo yana da ramuka 3, tsawon sandunan kuma iri 4 ne, makullan da za a iya yanka masa ba za su wuce 4 x 4 x 4 ba, wato 64. Amma idan ramukan 5 ne, tsawon kuma iri 6, adadin zai kai 7,776. Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗan makullin wani kan buɗe kwaɗo mai araha na wani.

Kwaɗo Lokaci Yake Ci wa Ɓarawo

A shekarar 1784, Joseph Bramah ya ƙera wani makulli a Ingila, daga baya aka baje shi a tagar shagonsa da ke Landan, tare da alkawarin kyauta ga duk wanda ya buɗe shi. Ba a sami wanda ya iya ba sai a 1851, lokacin da Alfred Hobbs ya buɗe shi bayan ya yi aikin awa 51 cikin kwana 16. Ashe ke nan babu makullin da ba ya buɗuwa. Amfaninsa shi ne ya jinkirta ɓarawo, ya tilasta masa yin ƙara.

Ɓarawo ba ya da awa 51, saboda haka yakan koma ga ƙarfi. Ɗalibai sun san yadda ake ɗaga babban dutse da sanda idan aka sa mata matokari. Idan ƙarfe mai tsawon santimita 60 ya sami matokari a santimita 5 daga bakinsa, saura 55 ke nan a wajen hannu. A raba 55 da 5, za a ga ƙarfin mutum ya ninku sau 11. Dannawar da ta yi daidai da nauyin kilo 30 za ta koma kamar ta kilo 330. Gajerun ƙusoshin da ke riƙe da maratayin kwaɗo ba za su jure wannan ba, komai kyan kwaɗon.

Matakan Kariya

1. A ɗaure maratayin kwaɗo da ƙarfen da ya ratsa ƙyaure, a ƙulle shi da noti daga ciki.
2. A toshe ratar da ke tsakanin ƙyaure da bango, domin nan ne bakin ƙarfe ke shiga.
3. A sa sakata daga ciki da dare.
4. A sa wa tagogi ƙarafa, amma lalle a bar ɗaya mai buɗuwa daga ciki, domin kada gobara ta rutsa da iyali.
5. A haskaka ƙofar gida, a kuma kawar da tsani ko tarin bulo daga jikin katanga.
6. Idan ɗan makulli ya ɓata, ko aka tare a sabon gidan haya, a sake kwaɗo.
7. A sanar da maƙwabcin da aka amince da shi idan za a yi tafiya.

Ƙararrawar Lantarki

Tun a 1853 Augustus Pope ya yi wa ƙararrawar ɓarayi mai aiki da lantarki rajista a Amurka. A irin ta zamani, akan maƙala maganaɗisu a jikin ƙyaure, a sa ɗan makunni a jikin madogarar ƙofa. Muddin ƙofa na rufe, maganaɗisun yana riƙe da makunnin, lantarki na zagayawa. Da zarar an buɗe, zagayen ya yanke, sai ƙararrawa ta kama kuka. Hikimar wannan tsari ita ce ko wayar aka yanke, ƙararrawar za ta tashi. Ya kamata a haɗa ta da batir saboda ɗaukewar wuta.

Kammalawa

Ƙarfin tsaron gida daidai yake da ƙarfin wurin da ya fi rauni a cikinsa. Don haka kafin a sayi sabon kwaɗo, a fara duba ƙyaure da marataya da tagogi. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Aiki ga Ɗalibai

1. Makullai nawa za a iya yanka wa kwaɗo mai ramuka 4 da tsawon sanduna iri 5?
2. Idan tsawon ƙarfe santimita 90 ne, matokari kuma yana santimita 10 daga bakinsa, sau nawa ƙarfi zai ninku?
3. Kowane ɗalibi ya zagaya gidansu tare da iyayensa, ya rubuta wurare uku da suka fi rauni, da yadda za a gyara su.